Kurun Kare: Tsokaci a Kan Girma da Iyakarsa

Kalmar "ƙarami" tana cikin kalmomin da Bahaushe yake ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsu. Idan aka ce dabba ƙarama ce, to ana iya nufin ɗayan abu uku. Ko dai ba ta gama girma ba tukuna, watau tana cikin ƙuruciya. Ko kuwa yunwa da cuta sun tare ta a hanya, watau ta tsumbure. Ko kuma iyakar girman da Allah ya yanka wa irinta ke nan, ko da za a kwana ana yi mata ɗura. A wajen dabbobin da muka daɗe muna kiwonsu muna cinikinsu, harshenmu ya rarrabe waɗannan abubuwa sarai. Dillalin da ya saba cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba zai taɓa kiran kuru duƙushi ba, domin ya san kuru doki ne da ya gama girmansa a gajere. In ya ga muturu, gajeren san nan marar tozo na ƙasashen kurmi, ba zai ce maraƙi ba ne. Haka kuma ba zai zargi tunkiya 'yar ƙasa da rashin ƙoshi don ba ta kai balami tsawo ba. To amma da an zo kan kare sai harshen ya yi shiru. Mu a Babura kare kare ne. Kwikwiyo ya girma ya zama kare ko karya, in kuwa bai kai inda ake zato ba, a ce ya tsumbure. Ɗaki na uku babu shi.

Dalilin haka ba mai nisa ba ne. Karnukanmu kusan duk ƙirarsu ɗaya. In mutum ya tashi daga Babura ya bi ta Kazaure, ya ratsa duwatsun Roni har Gwiwa, karen da zai yi masa haushi a bakin kowane ƙauye shi ne dai wanda ya baro a gida: ja, ko fari-fari, ko mai roɗi-roɗi, gajeren gashi, siririn ciki, kafaɗarsa daidai gwiwar magidanci ko ta ɗara kaɗan. Ba mai zaɓa wa karya miji, ba mai rubuta asalin kwikwiyo. Rana da yunwa da kaska su suka yi zaɓen tun kaka da kakanni, suka bar wanda zai iya. Abin da ido bai saba ganin bambancinsa ba kuwa, baki ba ya wahalar raɗa masa suna.

Mafarauta ne kaɗai suke duban kwikwiyo da idon basira, domin su a wurinsu girman kare ba zancen sha'awa ba ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shekara fiye da talatin yana farauta, kuma a gindinsa na fara sanin cewa girma abu ne da ake iya karanta shi tun bai zo ba. Idan aka kawo masa kwikwiyo ba ya duban ƙibarsa. Sai ya ɗaga dagin gaba ya gwada shi a tafin hannunsa, ya lalubi gwiwa ya ji kaurinta, ya kama fatar wuya ya ja don ya ga ko akwai ragowar da jiki zai zo ya cika. Bayan duk wannan sai ya yi tambayar da ta fi su duka nauyi, ya ce, "Wace karya ce ta haife shi?" In an faɗa masa, ya kuwa san ta, to magana ta ƙare, don barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan tsantseni ya yi yawa. Kwikwiyo shekara guda cur yake yi yana shan tsala da dusa, yana cin ƙanzo da ɗan kayan cikin da ake roƙowa wurin mahauta, kafin ya kama ko da gafiya ce. A gidan da hatsinsa ba ya kai shi tsakiyar damina, wannan ba ƙaramin jari ba ne. In zaɓe ya kuskure, an yi asarar shekara, ranar da aka fita dawa bayan girbi abokai suna rataye zomaye, kai kana rataye da gora kurum. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji masu iya magana, amma fa sai in tun bara an zaɓe shi daidai. Saboda haka Kawu yana da lissafinsa a ka: karya wata biyu take yi da ciki, kwikwiyo ya buɗe ido cikin kwana goma zuwa mako biyu, a yaye shi wajen wata biyu, ya soma famfara wajen wata huɗu, kafin ya cika bakwai ya gama. Littattafan likitocin dabbobi ba su saɓa masa ba, sai dai sun ƙara da ƙidaya: ciki kimanin kwana 63, haƙoran ƙuruciya 28, na girma 42.

Da kakar 2019 aka kawo wa wannan ilmi nasa jarrabawar da bai taɓa gamuwa da irinta ba. Wani ɗan'uwanmu da yake tuƙa wa wani baƙo ɗan ƙasar waje mota a Kano ya zo gida da kwikwiyo a cikin kwali. Maigidan nasa ne zai koma ƙasarsu, karyarsa kuwa ta haihu, sai ya rarraba 'ya'yan. Kwikwiyon baƙi ne wuluk, gashinsa a murɗe kamar sumar yaron da ya daɗe bai ga wanzami ba. Aka ce watansa uku, kuma irin karnukan farautar Turawa ne. Kalmar farautar nan ita ta sa Kawu ya miƙa hannu. Ya ɗaga dagi ya ga ɗan mitsitsi, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa mai kawowa, "Ɗan nan, wannan dagin bai yi mini alkawarin komai ba. Amma abin Nasara ne, a bar shi mu gani." Aka sa masa suna Duna.

Ba karen da ya taɓa samun gatan da Duna ya samu a gidan nan. A watanni ukun farko ya yi ta miƙewa kamar gero ya sami ruwa, har aka fara yi wa Kawu barka. Da ya gama famfara sai tafiyar ta ragu. Kafin ya cika wata tara ya tsaya cik, daga ƙasa zuwa kafaɗa taƙi ɗaya da rabi, bai ko kai kamu ba. Daga nan duk abin da aka zuba masa sai ya tafi gefe maimakon sama. Ran da aka ɗora shi a kan ma'aunin wani mai sayen riɗi, ya yi kilo 8, yana tafe yana haki. Nan fa kowa ya kawo fatawarsa. Wani ya ce tsutsar ciki ce, aka ba shi magani. Wata ta ce an raba shi da uwarsa da wuri. Tsofaffi suka ce baki ne ya kama shi, don an cika yabonsa. Duk wannan hasashe, in aka lura, a ɗaki na biyu yake, watau na tsumburewa. Kawu ne kaɗai ya ƙi yarda. Ya ce tsumburarren kare kansa yakan fi ƙarfin jikinsa, ciki ya kumbura, gashi ya dushe, ido ya yi zuru-zuru. Wannan kuwa in aka ɗebe teɓa komai nasa daidai wa daida yake, kamar an ɗauki babban kare an rage shi. Ya ga abin sosai, sunansa ne kawai babu a bakinsa.

Irin karen nan Turawan Ingila suna kiransa fudul, sunan kuwa daga wata kalmar Jamusanci ya samo asali mai ma'anar yin facal-facal cikin ruwa. Faransawa, da maƙwabtanmu na Nijar da suka yi boko da harshensu, suna ce masa kanish, daga kalmarsu ta agwagwa. Sunayen biyu duk sana'arsa suke faɗa, watau mai kawowa bai yi ƙarya ba: asalinsa karen farauta ne, wanda maharbi zai harbo agwagwar ruwa shi kuma ya faɗa tafki ya ɗauko. Sai dai wancan babban ne. Daga bisani Turawa suka riƙa zaɓen ƙananan cikinsu suna haɗa su da juna, zuriya bayan zuriya, har suka sami ƙarami mai kama da babban sak. Masu wasa da dabbobi a Faransa, takwarorin gardawanmu masu kura da biri, sun yi amfani da shi ƙwarai saboda saurin ɗaukar horo, sa'an nan ya shige ɗakunan attajirai. A Amurka, daga 1960 zuwa 1982, ba irin karen da ya kai fudul yawa a rajista.

Abin da ya ba ni sha'awa, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne yadda suka yanka wa kalmar "ƙarami" iyaka da ma'auni. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka, wadda aka kafa a 1884, ta kasa fudul gida uku bisa tsawon kafaɗa: wanda ya haura inci 15 babba ne, wanda ya haura inci 10 bai wuce 15 ba ƙarami ne, inci 10 zuwa ƙasa kuwa mitsitsi. Nauyin ƙaramin a wurinsu laba 10 zuwa 15, watau wajen kilo huɗu da rabi zuwa bakwai. A Ingila iyakar da ke tsakanin ƙarami da mitsitsi inci 11 ce. Ita kuwa tarayyar ƙungiyoyin karnuka ta duniya, wadda aka kafa a 1911, mai hedkwata a Beljiyam, gida huɗu ta yi: babba santimita 45 zuwa 60, matsakaici 35 zuwa 45, ƙarami 28 zuwa 35, mitsitsi 24 zuwa 28. Ashe ke nan kare mai santimita 37 ƙarami ne a Amurka, in ya sauka Faransa ya zama matsakaici, alhali ko gashi ɗaya bai ƙaru a jikinsa ba. Su ma dai ba su gama shirya bakinsu ba. Duna kuwa, da taƙinsa ɗaya da rabi, ta kowane ma'auni cikakken ƙarami ne. Ba abin da ya rasa, sai ma kilo biyu na kitse da muka ƙara masa.

Yadda girma yake tsayawa abu ne da ya kamata kowane mai kiwo ya sani. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na ƙafa akwai wani faifan guringuntsi. Muddin dabba tana ƙuruciya, wannan faifai yana ta haifar da sabon guringuntsi, na bayansa kuma yana sandarewa ya zama ƙashi, da haka ƙafa take tsawo. Kaurin gwiwar nan da Kawu yake laluba a jikin kwikwiyo, wurin wannan aiki ne yake taɓawa. Idan dabba ta balaga, faifan kansa sai ya sandare, ƙofar tsawo ta rufe, ba kuwa ta sake buɗewa. Bayan wannan abinci yana iya ƙara tsoka ko kitse, amma ba ya ƙara ko ɗan yatsa na tsayi. Ƙaramin iri kuma da wuri yake rufe tasa ƙofar. Wani bincike da aka yi a Ingila, aka buga a 2004, ya auna kwiyakwiyai iri-iri tun suna jarirai. Mafi ƙanƙantar iri ya kai rabin nauyinsa na girma a wajen mako 11, mafi ƙaton kuwa sai da ya kusa mako 23. Ƙanana da matsakaita sun kusa cika nauyinsu a wata 9 zuwa 10, ƙattai kuwa daga wata 11 har 15. Saboda haka mai ƙaramin fudul in ya auna shi yana wajen wata uku da rabi ko huɗu ya ninka biyu, ba zai yi nisa da gaskiya ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a nan Larabar ta fi kusa da Juma'ar fiye da yadda muka saba.

Tambayar Kawu ta "wace karya ce ta haife shi" ita ma masana sun bi ta har gindinta. A 2007 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Nathan Sutter da Elaine Ostrander, suka duba jinin karnuka fiye da 3,000 daga iri 143, suka gano cewa kusan dukkan ƙananan iri suna ɗauke da wani salo guda na wata ƙwayar gado da ake kira IGF1, wadda take sarrafa wani sinadarin da ke umurtar jiki ya girma. Ƙananan karnuka wannan sinadari kaɗan ne a jininsu. A 2022 kuma aka sami alamar wannan salo a gawar wani kyarkecin Saberiya da ya mutu fiye da shekara 50,000 da suka wuce. Watau Bature bai ƙirƙiri ƙanƙanta ba, tsintar ta ya yi a cikin halitta, ya ware ta, ya yi ta maimaitawa.

A nan ne nake ganin rashin kalma yake da haɗari, ta fuska biyu. Wanda bai san ɗaki na uku ba zai ɗura wa lafiyayyen kare abinci da magani har ya nakasa shi, kamar yadda aka kusa yi wa Duna. Wanda kuma ya san ɗaki na uku amma bai iya rarrabe shi da na biyu ba, shi 'yan kasuwa suke cuta: a hana kwikwiyo ƙoshi, ko a rage masa watanni a baki, a sayar da shi da tsada a kan wai ƙaramin iri ne. Ba ina haɗa ɗan Adam da kare ba ne, Allah ya sawwaƙe, amma ruɗanin nan har cikin gidajenmu yana shiga ta bayan gida. Sau nawa muka ji an dubi yaro ɗan shekara huɗu mai jikin ɗan shekara biyu an ce, "Ai jininsu ne, haka kakansa yake"? Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Jigawa kuwa kashi 64. Wannan ba jini ba ne, kwano ne. A kan kare mun kira gado tsumburewa, a kan yaro mun kira tsumburewa gado.

Ita ma ƙanƙantar gado ba kyauta take zuwa ba. Ƙananan fudul an san su da gocewar ƙoƙon gwiwa, da wata cuta da take cinye kan ƙashin cinya tun ba su shekara ba, haƙora 42 kuma sukan cushe a ɗan ƙaramin baki. A ɗaya gefen, sun fi manya tsawon rai: ƙaramin fudul yakan kai shekara 14 ko 15, alhali ƙattan karnuka da wuya su wuce 10. Wannan abin mamaki ne, don a sauran halitta giwa ce take binne ɓera. Mu dai a Babura ba gwiwa ce ta dami Duna ba, gashi ne. Gashin fudul ba ya kakkaɓewa kamar na karnukanmu, tsawo yake ta yi yana cukurkuɗewa. Ranar da aka gwada fita da shi dawa, bai yi nisa ba ya dawo kamar an mirgina shi cikin ƙarangiya, sai da aka kwana biyu ana tsince shi, daga ƙarshe aka sa almakashi. Kaska kuwa ta sami mafaka, ga zafin bazara. Abu ɗaya ne ya gaskata asalinsa: da damina ta sauka, kududdufi ya cika, yara suka jefa kara a ruwa, sai ga Duna ya faɗa ya ɗauko ya kawo, ba wanda ya koya masa. Karnukan Kawu suna bakin ruwa suna kallonsa kamar mahaukaci.

Kowace al'umma dai girman da take bukata take nema a jikin kare. Buzaye na kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, sun zaɓi tsawon ƙafa, suka sami karen da namijinsa yake kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kuwa kilo 20 zuwa 25 kacal, ƙashi da jijiya zalla, don ya bi barewa a fili. Kawu in ya ga kare mai dogon ƙwauri yakan ce yana da jinin Faransa, ba kuwa ƙasar kanish yake nufi ba, Nijar yake nufi, kamar yadda tsofaffin bakin iyaka suka saba kiranta. Turawan birni kuma sun zaɓi wanda zai zauna a cinya. Mu a nan, ko da yake malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki jikin rayayyen kare najasa ba, hadisi kare uku ya yi wa rangwame: na farauta, da na kiwo, da na gona. Duna ba ya cikin ko ɗaya. Da aka tabbata ba zai ƙara ko taƙi ba, ba zai kuma kama ko kurege ba, Kawu ya sa aka mai da shi Kano wurin wasu masu sha'awar irinsa. Ya ce shi ba ya jin haushin karen, don tun ranar farko dagin ya gaya masa gaskiya.

Saura batun suna, wanda nake miƙa wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Irin waɗannan karnuka sun shigo biranenmu, ana ganinsu a Kano da Kaduna da Abuja, kuma dole mai fassara da mai koyarwa da likitan dabbobi su kira su da wani abu. Na ji wasu suna cewa "wadan kare". A ganina wannan bai dace ba, domin wada gaɓoɓinsa ne suke gajarta su bar gangar jiki, kuma akwai karnukan da suke haka ɗin, masu dogon jiki da guntayen ƙafafu, su ya kamata a bar wa kalmar. "Ƙaramin kare" kuwa ya mai da mu cikin ruɗanin da muke gudu, don mai ji zai ɗauka kwikwiyo ne. "Tsumburarre" ƙazafi ne. Kalmar da na ga ta fi kusa ita ce kuru, tun da kuru doki ne cikakke, mai daidaitattun gaɓoɓi, wanda ƙanƙantarsa ta gado ce, kuma Hausa ta saba aron sunan wata dabba ta ba wata, kamar yadda muka ce raƙumin dawa da jakin dawa da karen ruwa. In an yarda, sai a ce kurun kare ga namiji. Ta macen ce take ba ni wahala, don "kurun karya" a rubutun da ba a sa ƙugiya ba yana iya komawa wata magana dabam.